Ɗakin tarihin garinmu: a riƙa sauya kaya bisa lokaci ko a bar shi yadda yake?

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum jama'ar gari na gida da na waje. Maganar ɗakin tarihin nan ce da muka buɗe a tsohon ajin elementare na bayan gidan Dagaci. Kwamiti mun zauna jiya bayan la'asar, kuma gaskiyar magana tun da aka yi taron buɗewa aka watse ɗakin a kulle yake yini, mukulli na aljihuna, sai in baƙo ya zo ko wani malami ya kawo 'yan ajinsa. Wanda ya shiga sau ɗaya ya gama gani, akushi ne da tulu da takobi da hotunan dagatai a bango, to me zai mayar da shi. Shawarar da muka yanke ita ce a daina jibge kaya gaba ɗaya, a riƙa fito da su bisa lokaci. Da kaka kayan noma da na cinikin gyaɗa, da hunturu kaɗi da saƙa da rini, da azumi allo da littattafan malamai da kayan tashe, da bazara haƙar rijiya da gini da jinka. Kuma kowane lokaci a samu masu sana'ar su zo da kansu su yi a gaban yara, ba a ajiye abu kawai a manna masa takarda ba. Muna son jin ta bakinku kafin mu kai wa Dagaci.

Baban Walida:
Baba Hedimasta Allah ya ƙara girma. Ni dai zan faɗi abin da ke raina ko da ba zai yi daɗi ba. Garin da mata da yara ke bin layin ruwa tun asuba saboda tuƙa-tuƙa ɗaya ce ke aiki, ajin 'yan firamare iska ta yaye rufinsa tun farkon damina, shine za a sake bin mutane da karo-karo don a jera tsofaffin ƙore? Ban ƙi tarihi ba wlh amma akwai abin da ya fi shi gaggawa

Tsohon Hedimasta:
Baban Walida maganarka gaskiya ce kuma ba wanda zai musa. Amma ba karo-karo muka ce ba. Kayan na gidajen mutane ne, masu sana'ar 'yan gari ne, abin da za a saya katako ne na kanta da littafin rajista. Kuɗin famfo na hannun kwamitinsa, ba mu taɓa shi ba kuma ba za mu taɓa ba.

Ɗan Sarkin Noma:
Malam tsarin yayi amma akwai gyara ta ɓangarenmu. Da kaka ba manomin da zai zo maka, ana girbin gero ana ɗaurin dami, ga cirar gyaɗa ga roron wake ga kaɗe riɗi, wani ma a gona yake kwana yana gadi. In ana son mu a bari sai amfani ya shigo gida an girbe dawa, wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, dama lokacin ne iyaye ke yin kalankuwa da dambe da kokawa don sannan hankali ya kwanta. Su kuma sungumi da garma da fartanya a fito da su da bazara dab da saukar ruwa, lokacin kowa tunaninsa na kan shuka.

Amma ni abin da ya fi damuna iri ne. Takobi ko shekara ɗari ya yi a ajiye takobi ne, iri kuwa in ya yi 'yan shekaru ba a shuka shi ba ya mutu, ko yana cikin kwalba ana kallonsa. Zango mai dogon kai da Baba ke shukawa yanzu gida nawa ne ke da shi a garin nan? Maiwa ma ta ja baya, kowa ya koma ɗan gajeren iri mai saurin nuna, kuma ba laifinsu bane ruwan ne yake ɗaukewa da wuri. Ni ina da zango da farafara da kaura da kanannado, in za a bani ɗan filin nan na bayan ajin zan yi kunya biyu-biyu na kowanne da damina, 'yan makaranta su riƙa nomewa, da kaka a rataye kawunan a ɗakin, duk mai so ya ɗiba da sharaɗin baɗi ya mayar.

Auta Mai Caji:
Wannan shawara ta Yaya ta fi komai, ni zan kawo ƙaya a yi shinge saboda awaki

Maman Khalifa:
Salam. Baba Hedimasta sannu da ƙoƙari Allah ya saka. Ina da ƙorafi ɗaya, ranar buɗewa na zo daga Kano musamman amma mata a bakin ƙofa muka tsaya maza sun cika ɗakin, muka leƙa muka juya. Kuma ku duba kayan da ke ciki, kusan rabi na ɗakin iyayenmu mata ne, taskira da adudu da faifai da dutsen niƙa da jeren ƙwarya, amma ba mace ko ɗaya a kwamiti, shi yasa aka rubuta wa maburgi muciya. Matan aure ba za su fito da rana tsaka su shiga cikin maza ba kowa ya sani, a ware mana rana ko a bamu bayan magariba zuwa isha.

Sannan maganar kaɗi da kuka sa a hunturu, don Allah a yi sauri. Inna ta tana iyawa har yanzu amma idonta ya fara rauni. Da na je hutun sallah na sa ta yi wa su Khalifa, ta ɗauko auduga ta ɗora kan magurji ta murza ƙarfen nan angurya na fita ta gefe, ta shiɓe ta da ɗan baka har ta tashi ta yi laushi, ta naɗe sutu a hannun hagu, ta dangwali alli da yatsu ta murza mazari ya kama juyi a kan 'yar fata, zare na fitowa siriri bai tsinke ba. Yaran nan da ba sa iya minti biyar ba waya suka zauna shiru har ta cika mazari. Khalifa ya karɓa ya gwada, gululun ya fice ya gangara ƙarƙashin gado. In an rataye mazari a bango yaro zai ɗauka tsinke ne da dunƙulen laka, sai ya ga hannu na juya shi.

Malamar Islamiyya:
Maman Khalifa kin faɗi abin da ke bakina. Alhamis da Juma'a ba mu da karatu, a bamu yammacin Alhamis, ni zan tattaro mata. Kuma a zo da tsofaffi su yi wa yara tatsuniya da kacici-kacici a daren sanyi, a hura wuta a waje.

Tsohon Hedimasta:
An karɓa Malama. Ku zaɓo mata biyu ku turo mana suna su shiga kwamiti.

Ɗalibin Tarihi:
Barkanmu da yamma iyaye da yayye. Ina so in ƙara kan baje kolin bayan kaka, kada a tsaya kan fartanya kawai, a ba da labarin gyaɗa don shi ne ya sauya ƙasar nan tamu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa na sa ran auduga manoma suka zaɓi gyaɗa saboda ta fi kuɗi kuma in shekara ta ƙi ana iya cinta. Daga baya aka ja layin dogo daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori har Nguru a 1930, duk garuruwan tasha suka cika da 'yan kanti da sikeli da 'yan baranda, ana dako da jakuna da raƙuma daga ƙauyuka. Su Alhassan Ɗantata a wannan cinikin suka ƙara bunƙasa. Abin da ya karya ta farin 1973 ne, sai cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa a 1975, ga kuma kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. Yanzu riɗi da zoɓo ne suka hau wurinta. To in aka ajiye tsohon sikelin nan na gidan su Baban Walida, gefensa buhu, gefensa kuɗin lokacin wato anini da kwabo masu huda da taro da sisi da sule, sannan naira da ta shigo 1 ga Janairu 1973, sai a zaunar da dattijo ɗaya da ya yi dako ya faɗi yadda ake awo da yadda ake danne wa manomi nauyi. A kan wannan kaɗai yaro zai fahimci abin da littafin aji bai faɗa masa ba.

Kuma a nemi takardun haraji da na jangali. Da mutum ba ya tafiya cirani sai da takardarsa a jiki don ana tarewa a tambaya. Gwamna Abubakar Rimi ne ya soke su da ya hau a 1979, lokacin muna jihar Kano, Jigawa sai 27 ga Agusta 1991.

Baban Walida:
Sikelin yana nan a zaure an ɗora masa buhunan taki. Amma ba kyauta zan bayar ba, na gado ne mu goma sha ne a kansa

Alaramma Ƙarami:
Assalamu alaikum. To ai Baban Walida ya taɓo inda nake jira. An sa littattafan malamai a tsarin azumi ba a tambaye mu ba. Ni ba zan ɓoye ba gidanmu an taɓa cin amanarmu. Wani mutum ya zo daga birni zamanin mahaifinmu da takarda a hannu da magana mai daɗi, ya ce bincike yake, ya ari wani kundi na kakanmu da ya rubuta da hannunsa, akwai waƙoƙin wa'azi na ajami a ciki da lissafin taurarin damina da sunayen malaman da ya yi karatu wurinsu a gabas, ya ce sati biyu. Har mahaifinmu ya rasu yana cigiya. Saboda haka abin da ya rage a gafaka ba ya fita daga gidan nan ya kwana a wani wuri, kuma Alƙur'ani rubutun hannu ba abin da za a baje kowa ya taɓa ba ne da alwala da babu.

Ɗalibin Tarihi:
Allah gafarta Malam kuna da gaskiya, kuma ba ku kaɗai aka yi wa haka ba. Shi yasa nake ganin a raba abu biyu, akwai kyauta akwai aro. Duk abin da ya shigo a rubuta shi a rajista, a ba shi lamba, sunan gidan da ya fito, wa ya yi shi, me ake yi da shi, yaushe za a mayar, mai kaya ya sa hannu da shaidu biyu a ba shi kwafi ya riƙe. Dama amfanin sauya kaya bisa lokaci kenan, mutum zai fi sakin jiki ya ba da aron wata ɗaya a kan a ce ya rabu da abin kakansa har abada. Na littattafai kuwa ba sai sun kwana ba, Malam ya zo da su da kansa ya buɗe da hannunsa ya karanta ya mayar gida. A ɗauki hoton shafukan da ya yarda, su za a manna.

Kuma don Allah duk mai tsohuwar takarda kada ya kai a yi mata laminatin, zafin injin da gam ɗin suna cinye ta kuma ba a iya cirewa, kada a liƙa salatif. A sa ta tsakanin farar takarda mai tsabta a ɗaga ta daga ƙasa a nesanta da bango. Na shiga ɗakin makon jiya na ɗaga adudun nan na lungu, gara ta gina hanya ta bayansa ta cinye gindin, da na taɓa sai ya zube a hannuna, daga sama kuwa lafiya lau kake ganinsa. Kayan fata hunturu ke fasa su, damina kuma fumfuna, hotuna rana ke kodar da su don haka na asali a adana a rataye kwafi.

Alaramma Ƙarami:
In haka ne ba matsala. Goman tsakiya zan zo da safe bayan an tashi daga karatu, in zo da almajirai biyu su nuna yadda ake dafa tawada da ƙaro da feƙe alƙalami da wanke allo, da yadda ake zayyana in yaro ya yi sauka. Amma tashe ku raba masa rana da mu.

Auta Mai Caji:
Tashe da dare ne ai Malam bayan an sha ruwa, daga goma ga wata. Ni nake so a bar min wannan, yaran yanzu sun mayar da shi bara kawai suna buga galan ba su san wasan ba, kayan ma ba sa yi, da kuwa har gemun auduga ake sawa da rawanin tsumma. Akwai dattawan da suka yi tashen gwauro a garin nan suna raye, su koya musu. Zan ɗauki bidiyo da waya in tura wa na waje

Jikan Maƙera:
Ba a sa mu a lissafi ba ko an manta ne. Duk sungumin da garmar da ake magana daga ina suka fito. Mu lokacinmu bazara ne, sannan ake kawo gyaran kayan noma. Amma ba zan kwashe maƙera in kai aji ba, uwar maƙera a kafe take, yaran su zo rumfa su ja zuga-zugi da hannunsu su ga yadda ƙarfe ke ja. A fara daga ɗakin tarihi a zago wurinmu a bi ta tsohuwar marina a ƙare a rijiyar bakin kasuwa.

Maman Khalifa:
Marinar ai ta zama bola Yaya

Jikan Maƙera:
Shi yasa za a kai su. Ramukan suna nan ƙarƙashin shara, in matasa suka yi gayya yini ɗaya za su fito. Ko ba a sake zuba baba ba a san an yi rini a garin nan, ba sai Kura da Ƙofar Mata kaɗai ba.

Ɗan Gidan Dagaci:
Jama'a akwai abu ɗaya da nake ta jinkirin kawowa. A ɗakin ajiyar zauren gidanmu akwai mari guda biyu, ƙarfen nan da ake ɗaure ƙafar mutum da shi, da sasari, tsofaffi ne sosai sun yi tsatsa. Wasu a gida sun ce a kai ɗakin tarihi wasu sun ce a ba maƙera su narkar a huta. Ni na rasa wanne ne daidai.

Malamar Islamiyya:
Ranka ya daɗe a bi wannan a hankali. Garin nan ƙarami ne kowa ya san kowa, har yau akwai gidan da in an je neman aure sai a koma gefe ana raɗa ana maganar asali. Ina koyar da yaran kowane gida, na san abin da yaro zai iya faɗa wa ɗan uwansa a hanyar komawa gida in ya ga wannan ƙarfen. Ni ina ganin a bar shi inda yake.

Ɗalibin Tarihi:
Malama na fahimce ki amma narkarwa kam a'a. Bauta ta faru a ƙasar nan, an yi rinji, wato ƙauyen da ake zaunar da bayi su yi noma, an yi kasuwar bayi, mu ma an kama namu, Ningawa sun sha kai hari kudancin ƙasar Kano wajen Birnin Kudu da Dutse suna kwasar mutane. Dokar Turawa ta 1901 cewa ta yi duk yaron da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne ba bawa ba, amma ba a haramta bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, a tsakanin nan mutane da yawa da guminsu suka fanshi kansu a gaban alƙali. Kuma mari ba bayi kaɗai aka sa wa ba, an sa wa ɗaurarru da wanda ya kasa biyan haraji da masu taɓin hankali. In muka nuna takobi da sirdin Dagaci muka ɓoye wannan, rabin labari muka faɗa.

Direban Tasha:
Tun ɗazu ina karantawa ban yi niyyar magana ba. Gidan da Malama ke nufi irin namu ne, ba sai an sakaya ba. Kakar mahaifina kamo ta aka yi tana yarinya, har ta rasu ba ta san garinsu ba sai sunan wani dutse da take faɗa. Mijinta shekara da shekaru yana biyan murgu, kuɗin da bawa ke ba ubangidansa don a bar shi ya yi nemansa, yana noma wa wani da safe yana yin nasa da yamma har ya fanshi kansa ya fanshe ta. Mahaifina ya faɗa mana wannan ba da sunkuyar da kai ba, yace ku sani gonar nan ba kyauta aka bamu ba. Ni an hana ni aure a garin nan saboda wannan maganar, ba ƙarfen aka nuna ba lokacin, yana ɗaki a kulle kuma bai hana a faɗa min ba.

Don haka ni ban ce a ɓoye ba. Amma sharaɗina biyu, kada a rubuta sunan gidan kowa, kuma kada a ce gidan da suka riƙe marin su kaɗai za su tsara bayanin da za a faɗa wa yara. A zauna da mu. Kuma ni kaɗai nake magana da bakina, akwai 'yan uwana da ba za su so ba, sai an je an same su.

Ɗan Gidan Dagaci:
Yaya na ji, kuma na gode da ka faɗa a fili. Ba abin da zai fita daga zauren nan sai da yardarku. Zan zo gida in same ka in ka dawo daga Maigatari ranar Alhamis.

Alaramma Ƙarami:
Allah ya yi maka albarka Direba. Maganar hana aure saboda asali kuwa ba ta da gurbi a addini, fifiko na tsoron Allah ne, kuma zan roƙi Liman ya taɓo ta a huɗuba ko da ɗakin tarihi ko babu.

Malamar Islamiyya:
Yaya Direba ka yi haƙuri in maganata ta sosa maka rai. Har yanzu ina tsoron bakin yara, in za a nuna to kada a shigar da 'yan firamare ba babba a tare da su.

Tsohon Hedimasta:
Wannan magana ba a waya za a ƙare ta ba. Ba za ta shiga baje kolin farko ba, ni da Liman za mu bi gidajen da abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya, abin da suka ce shi za a yi. A halin yanzu dai kada a narkar.

Baban Walida:
Toh. Ni har yanzu ruwa ne a gabana amma tunda abin zai tafi bari in yi tambaya. Baba kai kaɗai ke riƙe da mukulli, ranar da ka tafi asibiti Dutse ko ka je ganin jikoki fa? Kuma in kayan mutane suka taru wa ke gadi? Akwai masu yawo ƙauyuka suna sayen tsofaffin kaya, har gidanmu an zo ana tambayar tasa da tsohon sirdi, in suka ji an tara wuri ɗaya ƙofar langa-langa ce fa

Ɗalibin Tarihi:
Tambaya ce mai kyau Yaya. Kayan tarihi doka ta hana a fitar da su ƙasar waje ba izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, amma doka ba ta tsare ƙofa da dare. Abu mai daraja ya zo da safe ya koma da yamma, kuma hoton da lambar da ke rajista su ne shaida in abu ya ɓata. Ina ganin kuma kwamiti su je Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, su ga yadda ake rajista da jera kaya, gidan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne wanda ya yi sarauta 1463 zuwa 1499, ginin ƙasa ne irin namu, matsalar gara da yoyo da suke fama da ita ita ce tamu. Akwai Gidan Ɗan Hausa ma. Yara kuma in an samu mota a kai su Birnin Kudu su ga zanen shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa da duwatsun nan da ake bugawa su yi amo, a jiharmu suke amma da yawanmu ba mu taɓa zuwa ba. Ranar 18 ga Mayu ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya, ta faɗo daidai bazara kafin aikin gona ya kankama.

Direban Tasha:
Motar Birnin Kudu ku bar min, a zuba mai kawai

Ɗan Sarkin Noma:
Damina fa Malam, kada a ce za a yi taro. A rufe sai 'yan makaranta masu duba kunyoyin iri, a samu mai leƙawa bayan kowane ruwa saboda yoyo. Kun ga yadda ambaliyar 2022 ta yi da gidajen ƙasa a jihar nan, kanta ta yi tsawo sosai.

Tsohon Hedimasta:
Madalla, Allah ya yi muku albarka baki ɗaya. Ga inda aka tsaya. Mukulli zai zama uku, ɗaya wurina ɗaya gidan Dagaci ɗaya wurin matan da za a zaɓa. Za a fara da kayan noma da gyaɗa bayan an girbe dawa, a buɗe ranar kasuwa don mutanen ƙauyuka su gani, kaɗi ya biyo baya cikin sanyi. Ɗalibi kai za ka zana mana yadda shafin rajista zai kasance ka turo. Baban Walida ka yi magana da 'yan uwanka kan aron sikeli, wata ɗaya ne da takarda. Asabar mai zuwa bayan sallar asuba za a fitar da komai waje a share a duba gara.

Maman Khalifa:
Baba a fara da kaɗin nan ko da rana ɗaya ce kafin Disamba, na faɗa muku idon Inna. Auta in na turo maka kuɗin mota za ka je ka ɗauke ta a bidiyo wannan satin?

Auta Mai Caji:
Ba sai kin turo ba Anti, da mashin zan je. Ki ce mata Laraba da hantsi, kuma a nemo audugar tun yanzu don ban san mai ita a gari ba

Ɗan Sarkin Noma:
Akwai 'yar kaɗan a gidanmu ta bakin shinge, ka biyo ka karɓa. Asabar kuma wa ke da tsani, rufin ta gabas sai an hau.

Jikan Maƙera:
Zan zo da shi da ƙusa.